Ɗan Agajin da Ya Cinye Abincin Masu Gida

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, har in riƙa tambayar sunan jikokina, ban jin zai iya kwashe mini ranar da na ci abinci a wani ƙauye na ƙasar Biyetnam. Har yau in na tuna, dariya da kunya ke zuwa mini tare, kuma kunyar ta fi yawa.

Ni malamin gona ne a nan Suleja. Aikina yawo a babur, yau ina Izom, gobe ina wajen Garam, ina koya wa manoma abin da sau da yawa sun fi ni sani. A haka aka zaɓe ni in je kwas na noman shinkafa a Biyetnam. Muna tsakiyar kwas ruwa ya yi ambaliya a wasu ƙauyuka, ya cinye gonaki, ya shiga gidaje. Makarantar ta nemi masu sa kai su raka kayan agaji. Na riga kowa ɗaga hannu. Gaskiya akwai tausayi a ciki, amma akwai kuma son in dawo gida da hotona riƙe da buhu, in nuna a majalisarmu.

Kwana uku muka yi muna bin ƙauyuka a kwale-kwale, muna raba shinkafa da barguna da maganin tace ruwa. A kwana ukun nan ban ci wani abin kirki ba. Tsoron naman alade ya sa duk abin da aka miƙo mini sai in dafa ciki in girgiza kai. Biskit da ayaba kawai nake sa wa cikina. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san ba na wasa da ciki, malmala uku ta tuwo ce ƙa'idata.

A rana ta huɗu, da hantsi, ina ɗauke da buhu a ka santsi ya kwashe ni, na faɗa cikin laka har wuya. Tafintarmu, wata malama ce daga makarantar, ta gama dariyarta sannan ta nuna mini wata tsohuwa 'yar firit mai faffaɗar hular kaba. Ta ce, "Wannan baba ta gayyace mu cin abincin rana. Na gaya mata ba ka cin alade, ta ce kifi za ta yi. Bi ta ka wanke jikinka, mu za mu ƙarasa rabon."

Na bi ta. Gidan ɗaki ɗaya ne na katako, shatin ruwan ambaliya na nan a bango daidai ƙirjina. Na yi wanka, na yi azahar, na zauna a tabarma. Can sai ga tsohuwa da wani ƙaton tire. Tukunyar shinkafa fara tas tana tururi, kifi babba guda ya sha citta da albasa, ga dafaffen ganye mai kama da alayyahu. Ta dire a gabana, ta nuna tiren, ta yi wata magana mai tsawo, ta nuna ƙofa. Na ce, "To, Baba, na gode, Allah ya saka." Ta fice.

Jama'a, ku yi mini adalci. Shekara nawa ina cin abinci a gidajen manoma? Ko'ina na je, kwano ake kawo mini a zaure, mai gida ya ce bismilla, ya ja ƙofa ya ba ni wuri. Wa ke tsayawa a kan baƙo yana ƙirga masa loma? Har a raina na yaba, na ce ashe mutanen nan ma sun san ya kamata.

Na duba ban ga cokali ba, na ce dama ni ba gwaninsa ba ne. Na wanke hannu, na naɗe hannun riga, na faɗa wa tiren nan hannu baka hannu ƙwarya. Kai! Ban taɓa cin kifi irin wannan ba. Na gama da gefe ɗaya na juya shi. Na sauke shinkafar nan har sai da na ji farcena na kartar gindin tukunya. Amma fa ban yi rashin tarbiyya ba, na rage jelar kifin da shinkafa kamar loma uku, kada a ce baƙo ya suɗe kwano. Na jingina da bango, na yi gyatsa, na yi hamdala.

Sai na ji hayaniya a waje. Tsohuwa ta shigo rungume da ƙananan kwanoni da damin tsinkayen da suke cin abinci da su. Bayanta ɗanta da matarsa, duk jikinsu laka daga gona, sai jikoki biyu, sai tafinta da shugaban tawagarmu. Suka kewaye tiren suka zauna. Tsohuwa ta fara raba kwanoni, ɗaya, biyu, uku, har takwas. Na takwas ɗin ta ajiye a gabana. Sannan ta buɗe tukunya.

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ban tsaya sallama ba. Ƙaramar jikar ta kalli ƙayar kifin, ta kalli cikina, ta sake kallon ƙayar. Tafinta ta matso ta ce a hankali, "Ina sauran abincin?"

Na ce, "Wane saura?"

Ta ce, "Na mutum takwas ne fa. A nan tare ake ci. Cewa ta yi ka jira ta kira su daga gona."

Kamar hakan bai isa ba, ta ƙara mini da cewa ruwa ya fasa ɗan tafkin kifinsu ya tafi da komai, wannan ne kaɗai ɗan tsohuwar ya samu ya kama. Shinkafar kuma wadda muka ba su ce da safen nan. Wato ni da na taso tun daga Suleja, na haye teku don in taimaki mutanen da ambaliya ta cinye wa abinci, na zo na ƙarasa abin da ruwa ya rage. Idona ya ciko. Na ce wa tafinta ta roƙa mini gafarar tsohuwa, ta bayyana mata yadda muke yi wa baƙo a ƙasarmu.

Tsohuwa ta saurara har ƙarshe. Ta leƙa tukunya, ta ɗaga jelar kifin da tsinke, ta tambayi wani abu. Tafinta ta ce, "Wai wannan fa, bai yi daɗi ba ne ka bar shi?"

Na ce, "Ladabi ne, na rage wa masu gida."

Da aka fassara mata, sai tsohuwar nan ta fashe da dariya har da dukan tabarma, bakinta ba haƙori ko ɗaya. Ɗanta ya kama, matarsa ta kama, jikoki suka kama. Ni kaɗai na yi tsuru-tsuru. Aka dafa rogo, shi suka ci da gishiri, jelar kifin aka raba wa yaran. Kowane gutsuren rogo da suka haɗiya, a maƙogwarona nake jin sa.

Da za mu tafi na kwance jakata, na fito da duk guzurina, biskit da madara da sukari, na tura gabanta. Ta turo mini abina. Na sake turawa, ta sake turowa, wannan karon fuskarta ba wasa. Ta yi magana tana kallon idona, tafinta na mayar mini.

"Tun da ruwan nan ya zo, kullum a layi nake, hannuna a miƙe. Kowa ya zo ba ni zai yi, ya ɗauki hotona ya tafi. In na ce ga shayi, sai su ce a'a, ki bar wa yara. Kai kaɗai ka zauna a tabarmata ka ci girkina kamar gidan uwarka. Yau na tuna ni ma mai gida ce. Kada ka biya ni."

Na mayar da kayana cikin jaka. Ta raka mu har bakin ruwa, duk wanda muka gamu da shi sai ta tsayar da shi, ta nuna cikina, ta ɗaga yatsu takwas tana alfahari.

Abu biyu na koya a ranar. Na farko, in ka je garin da ba naka ba aka dire maka tire, tambayi mutum nawa ne kafin ka wanke hannu. Na biyu ya fi nauyi. Duk talaucin mutum, yana son a ce shi ma yana da abin bayarwa, kuma mai taimakon da ba ya karɓar komai daga hannun wanda yake taimako, ƙasƙanta shi yake yi bai sani ba. Shi ya sa yanzu in na kai wa manomi iri ko taki, ya kawo mini ko da ruwan randa ne a moɗa, ba na cewa na ƙoshi. Zama nake yi in sha, in yi masa godiya.