Malam Uwaisu da Igiyar da Ta Rage

Da an sallame asuba a Kudan, Malam Uwaisu yakan leƙa gonarsa ta bayan gari, ya dawo ya sha koko, ya hau tsohon mashin ɗinsa ya nufi sakandaren da ya tsufa yana koyar da Hausa a cikinta. Aljihunsa ba ya rabo da wasan kwaikwayo: wani bugagge, wani hotonsa aka yi a Zariya har baƙin ya dushe, wani kuma ta waya aka turo masa. Bayan la'asar, sa'ad da tsararrakinsa ke kan benci suna raba wa 'yan siyasa kujeru, shi yana gindin durumin makaranta yana koya wa manomi yadda ake ɗaga murya ba tare da ihu ba.

Bana ya yi ritaya. An yi taro, an sha lemo, an ba shi agogon bango, kyautar da ake yi wa mutum daidai lokacin da ya daina buƙatar sanin ƙarfe nawa. Ba wanda ya ambaci wasa. To, bari a ambata.

Masu kukan wasan dandali ya mutu a ƙasar Hausa, yawancinsu rabonsu da karanta wasa tun na jarrabawa. Malam bai taɓa tsayawa musu da su ba. Sababbin wasanni yake nema, na marubutan da ke raye, ya karanta, ya ware na ɗorawa a fili. Yakan ce, "Mai rai shi ya san abin da ke damunmu bana."

Ƙungiyarsa ta manyan gari ce, maza da mata, kuma ƙa'ida ɗaya ta riƙe ta. In wasa ya ce miji da mata, to mijin gaske da matarsa ta gaske za su fito. In ya ce wa da ƙanwa, haka. Da wannan ya rufe bakin masu tsegumi, har Liman kan zauna a sahun gaba. Sun yi wasa a Likoro, sun yi a Taba, an gayyace su Makarfi.

Wasansa na ban kwana wata matashiyar malama ce a Zariya ta rubuta, Malama Farida: labarin manomin rake da ya ba ƙanensa gonar gadon matarsa ba da saninta ba. Malam ya karanta, wasan ya tafi da shi, nan take ya ba Mu'awiyya mai mazarƙwaila da matarsa Wasila. Ba wanda ya kai su iya faɗa a fili, don sun daɗe suna gwaji a gida, maƙwabta shaida ne. Abin da daɗin karatu ya mantar da Malam, alhali duk Kudan ta sani, shi ne igiya biyu ta auren nan ta riga ta tsinke. Saura ɗaya. A fitowa ta ƙarshe kuwa mijin sakin matar yake yi. Da yake fitowa-fitowa Malam ke raba takardun, ba wanda ya gani sai ranar gwaji.

Mu'awiyya ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu, ya kira ta da sunanta na wasa. "Tunda haka ne, Hafiza, na..."

Wasila ta yi tsalle ɗaya ta toshe masa baki.

"Kai! Ka san abin da za ka faɗa?"

Ya ɓamɓare hannunta. "Ke, wasa ne fa. Hafiza zan saka, ba ke ba."

"Idonka a kan wa yake? Hafizar nan, a ɗakin wa take kwana?" Ta juya. "Malam, da girmanka? Da kai za a haɗa baki a mai da ni gidanmu?"

Malam Uwaisu ya dafe kai, ya yi salati. Washegari ya durƙusa gaban Liman.

Liman ya ce, "Malamai sun yi dogon bayani a kan irin wannan, ba kuma bakinsu ɗaya ba. Amma ka san saki yana cikin abubuwan da wasansu gaske ne. Mai igiya ɗaya, Uwaisu, ba ya gwada ƙarfinta."

Malam ya nemi wasu ma'aurata, ba macen da ta yarda. In ya haɗa Mu'awiyya da matar wani, ƙa'idarsa ta rushe, ƙungiyar kuma ta bi ta. Soke layin sakin da alƙalaminsa kuwa, abu ne da bai taɓa yi wa rubutun wani ba. Sai ya yi abin da ba ya yiwuwa da marubucin da ke kabari: ya buga waya.

Malama Farida ta ce, "Baba, wasan nan gaba ɗaya a kan kalmar nan ya tsaya."

"Auren mutane ma a kanta ya tsaya, 'yata. Zo ki gan su."

Ta shigo mota ta zo. Ta zauna gindin durumi, ta kalli yadda Mu'awiyya da Wasila suke cacar baki a kan wanda ya bar akuya ta ci dusa, ta koma ta sake rubuta ƙarshen.

Ranar wasa, bayan an kai amfanin gona gida, filin makaranta ya cika ya batse, don labari ya zaga. Rabin mutanen wasa suka zo gani, rabin kuwa bakin Mu'awiyya, wanda kowa ya san ya haddace tsohon layin kuma fushi ba ya yi masa wuya. Malam yana bayan zanen da suka rataya, leɓɓansa na motsi.

Aka zo wurin. Wasila ta riƙe ƙugu ta ce, "To faɗi mana. Ga mutane, su yi shaida."

Mu'awiyya ya ɗaga hannu. Can daga ɓangaren mata surukarsa ta miƙe, "Mu'awiyya, ka ji tsoron Allah!"

Bai ce uffan ba. Hannun ya sauko a hankali, ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya riƙe. Wasila kuwa ta ɗauki fartanya ta nufi gonarta, aka ja zane. Sai da aka ɗan jima kafin wani ya tuna ana tafi. Malama Farida ta ce da wannan ƙarshen za ta buga littafin.

A bayan zane aka jiyo Wasila tana cewa, "Yau na ga ikon Allah. Ashe ka iya shiru."

"A rubuce yake."

"To Malama ta rubuta maka na gida."

Kai ne, Malam Uwaisu, durumi mai inuwar kowa. Kai ne ka ɗauki rubutun 'ya'yan yau da daraja tun ba su yi suna ba, ba ka jira sun mutu an shirya musu taron yabo ba. Ka so wasa, amma ba ka fifita shi a kan gidan mutum ba. Wanda ya san yadda ɗaki ke komawa in mace ta bar shi, ya san abin da ka tsare ranar nan.

Malaman Ikara da Makarfi da sauran garuruwa, wasannin suna nan, marubutansu suna ɗaga waya. Ku nema, ku karanta, ku ɗora a fili ko da zanen gado ne labulenku.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya sa hutun ya yi albarka. Mu'awiyya da Wasila kuwa suna nan da igiyarsu. Jiya ma an jiyo su tun daga bakin titi.