Muryar da Ta Amsa Sallamar Inna Kaltume

Jama'a, wannan abin da zan ba ku ba a bakin wani na tsince shi ba, da ni ya faru, kuma wallahi da wani ne ya zo min da shi da na ce ya je ya nemi magani. Shekarun baya ne, lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta a Abuja, ofishinmu na Garki ni kuma ina zaune a Nyanya, kun dai san cunkoson wannan hanya, mutum ya fito gida tsaf da gugarsa ya iso ofis kamar tsumman goge mota. Aikin ƙungiyar shi ne haɗa 'yan gudun hijira da danginsu da suka ɓace. Ana naɗar muryar mutum yana kiran ɗan'uwansa, a ɗora a shafinmu na intanet, ma'aikatanmu da ke Borno su sauke su sa a lasifika ranar kasuwa, ko Allah zai sa wani ya gane muryar. Ni ne mai kula da shafin da sabar, wato babbar kwamfutar da shafin yake kai, ni kaɗai tilo, komai ya lalace a ofishin sunana ake kira, ko da butar shayi ce.

Bari in ɗan yi muku bayani don ku fahimci abin da ya biyo baya. Waɗannan muryoyin amana ce, ba a barinsu a fili kowa ya ɗauka. Saboda haka akwai wani ɗan shiri da na rubuta a kan sabar, mu a harkar muna ce masa script, aikinsa kamar na mai gadi ne. Ka danna sauke, ya duba ko kai ma'aikaci ne, ya shiga ciki ya ɗauko fayil ɗin, ya fara faɗa wa na'urarka irin fayil ɗin da girmansa, sannan ya miƙo maka. Ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Ni na rubuta shi da hannuna, na san shi kamar yunwar cikina.

To akwai wata tsohuwa a sansanin 'yan gudun hijira na Kuciguro, mutuniyar wajen Gwoza, ana ce mata Inna Kaltume. Ita da autanta Buba sun rabu a ranar gudu, tun daga nan ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Ranar da aka naɗi muryarta mai aikin ba shi da lafiya, ni aka tura da rikoda. Na ce mata ta yi magana kamar yana gabanta. Ta gyara zama ta ce, "Salamu alaikum, Buba." Sai ta yi shiru. Na yi mata alama da hannu ta ci gaba, ko kallona ba ta yi ba, ita a tarbiyyarta ba a yin sallama a zarce da magana, sai an ba mutum fili ya amsa. Dokar aikin kuma ba a son muryar ma'aikaci ta shiga, don haka a zuci na amsa mata. Shirun ya yi tsawo har na ji ƙwalla na neman zubo min, sannan ta ce, "To, ni ce. Ina Abuja, ina nan da rai." Ku riƙe wannan shirun, mu biyu ne kawai a cikin rumfarta, kuma na rantse da Allah ba wanda ya yi ko tari.

Daga ranar duk wanda ta gani daga ofishinmu sai ta tare shi. Ni kam har ta haddace ƙarar mashin ɗin da ke kawo ni, kafin in sauka ta iso tana cewa, "Yarona, muryan ya tafi? Ya kai?" Ina ce mata ta ƙara haƙuri, ina jin nauyin hakan a raina.

Ana nan sai labari ya zo cewa an ga wani saurayi mai kama da Buba a wani ƙauye can wajen Gwoza. Abokin aikinmu Malam Garba ya samu shiga ayarin da jami'an tsaro ke rakawa, ya isa ƙauyen ranar kasuwa, kuma ayarin zai juyo kafin la'asar, ba wanda ya san yaushe za a sake samun hanyar. Da hantsi sai ga kiransa, yana magana sama-sama.

"Mutumina, wannan abin naka ya ƙi. Yana sauka lafiya lau, amma in na danna sai ya ce fayil ɗin ya lalace."

Na ce masa netuwok ɗinsu ne, don mu dama abin da muke fara ɗora wa laifi kenan. Ya ce ya sauke ya fi a ƙirga. Na gwada daga kujerata, ai kuwa ni ma haka, kuma ba na Inna Kaltume kaɗai ba, duk muryoyin da ke shafin. Kar ku ce me ya hana in tura masa ta wata hanya. Wayar hannunsa 'yar rakani-kashi ce, babbar waya ba a shiga da ita can, na'urar aikin kuma a kulle take, shafinmu kaɗai take buɗewa. Mun ma gwada in kunna masa ta cikin kira ya kara a lasifika, sai muryar ta riƙa fita kamar kukan kwaɗo.

Na ce wa kaina yau ko ni ko wannan sabar. Na cire hula na ajiye, na naɗe hannun riga. Na canza burauza, wato manhajar buɗe shafin, haka. Na duba ko an taɓa izinin fayilolin, lafiya suke. Na duba ko script ɗin yana yankewa ne a tsakiya saboda ƙarancin lokaci ko nauyin fayil, a'a, yana kai wa ƙarshe. Na shiga sabar ta ƙofar baya na kunna ainihin fayil ɗin, ras yake fita. Kenan a hannun mai gadin ake lalata kayan. Abokan aiki suna ta leƙowa suna "yaya dai, injiniya", ina jin kamar in rufe su da duka. Can dabara ta faɗo min, na buɗe fayil ɗin da na sauke a matsayin rubutu tsirara, in ga cikinsa. Sai ga ɓarawon. Wani layi ne fanko, ba komai a cikinsa, ya zauna a can sama kafin sautin ya fara, shi ne ya rikitar da na'urar. Na bi sawunsa har wani fayil na saiti, ashe jiya wani ya shiga ya canza kalmar sirri, da ya gama ya danna maɓallin Enter a ƙarshen fayil ɗin, shi kenan wannan layin ya riƙa bin kowane kaya da aka sauke. Har yau ba wanda ya amsa cewa shi ne, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na goge layin, na sauke murya ɗaya, ta buɗe. Na ce Alhamdulillahi da ƙarfi har masinja ya waiwayo.

Da na bar shi a nan da ba ku ji wannan labarin ba. Amma ni ina da wata ɗabi'a, in na yi gyara sai na gwada girman abin da ya sauka da na kan sabar. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi daidai cif, sai na Inna Kaltume. Nata ya fi na asali nauyi, ba da yawa ba, amma ya fi. Na ce to ko wani dattin ne ya rage, na sa abin kunne na kunna.

"Salamu alaikum, Buba."

Sai a cikin shirun nan, wallahi tallahi, wata murya ta namiji, ƙasa-ƙasa, kamar ta mutumin da ya sha tafiya ya gaji, ta ce, "Wa alaikumus salam, Dada."

Sannan muryar tsohuwar ta biyo, "To, ni ce. Ina Abuja, ina nan da rai," kamar dama amsar take jira. Tsigar jikina ta tashi. Rana tsaka ce fa, janareta na ƙara, wata a gefe tana cin shinkafa tana waya, amma ni hannuna ya yi sanyi ƙalau. Innalillahi kawai nake maimaitawa.

Ban yarda ba, ni ba mai saurin yarda ba ne. Na koma na asali na kan sabar, shiru ne a wurin, shirun da na sani. Na sake saukewa ta script, muryar na nan. Na goge duk wata ajiyar wucin gadi, na je kwamfutar wani na sauke, tana nan. Na karanta script ɗin layi-layi da yatsa kamar mai koyon karatu, ba inda yake taɓa wani fayil daban. Na duba ko wani baƙo ya shigo sabar, ban ga sawun kowa ba. Na kira ogarmu, wata Hajiya 'yar boko da ba ta ɗaukar shirme, na sa mata duka biyun. Ta cire abin kunnen a hankali ta ce, "Ka tabbata ba wasa wani yake mana ba? Ka dakatar da wannan fayil ɗin sai mun bincika."

Na ce, "Hajiya, ayarin Garba zai tashi. In na dakatar, tsohuwar nan wa ya san ko za ta ga wata damar? Ko mene ne a ciki, muryarta ce dai, kuma na yi mata alkawari za ta kai."

Sai ta ce in yi abin da na ga ya dace. Na kira Garba na ce ya sauke yanzu yanzu, ban gaya masa komai ba.

Bayan la'asar ya kira daga cikin mota. Ya ce ya sa muryar ta zagaye kasuwar, mata har kuka suka yi, amma ba wanda ya fito, saurayin da aka ce ma ashe wani ne daban. Sai ya ce, "Amma wa kuka sa ya amsa mata sallamar? Dabarar ta yi kyau, kasuwar tsit ta yi." Na ce masa sai ya dawo.

Na kwana ina juya abin, in kai mata ko in binne. Na ga ba ni da hurumin ɓoye mata, saƙonta ne. Washegari na hau mashin zuwa Kuciguro, kafin in sauka ta iso da tambayarta. Muka shiga rumfar, na ce mata murya ta kai, ba a same shi ba, amma akwai abin da nake so ta ji, kuma ni kaina ban san mene ne ba. Na kunna mata a wayata. Da muryar ta ce "Dada", tsohuwar nan ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba, ta dai dafa ƙasa da hannu biyu. Ta ce in sake, na sake. Ta ce duk sansanin nan ba mai ce mata Dada, ko a garinsu shi kaɗai ke kiranta haka.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, kenan yana raye?"

Ta share ido da bakin zanenta ta ce, "Yarona, mai rai yana amsa sallama. Na cikin kabari ma malamai sun ce yana amsawa. Ni ban sani ba. Amma ya amsa."

Na zuba mata shi a katin 'yar rediyonta na tafi, a kan mashin ina kuka kamar ƙaramin yaro, ba kunya. Da na koma ofis na sake saukewa ta script ɗin, girman ya dawo daidai da na asali, shirun ya koma shiru. Na yi makonni ina bincike, na nuna wa waɗanda suka fi ni sanin harkar, kowa ya saurari na wayata ya miƙo min ya ce bai sani ba. Ba a ga Buba ba har na bar aikin. Inna Kaltume kuwa daga ranar ba ta sake tare kowa da tambaya ba, in na je sai dai ta gaishe ni ta ba ni gyaɗa.

Shawarata gare ku, musamman 'yan'uwana masu wannan sana'a, in kun yi gyara kar ku tsaya a kan "ya buɗe", ku gwada girman, ku saurara har ƙarshe, don kayan mutane ne ke bi ta hannunku kuma ba duk abin da ke wucewa kuka sani ba. Sauran jama'a kuma, in an yi muku sallama ku amsa, ba ku san tun yaushe mai ita yake jira ba. Ni dai har gobe in zan shiga ɗakin sabar, ko ba kowa a ciki, sai na yi sallama. Sai dai ba na tsayawa jiran amsa.