Kalmar da Baba Tsoho Ya Ce In Adana

Jiya a kasuwar 'Yankara na ji ƙaurin masara a kan garwashi, sai kakana, Baba Tsoho, ya faɗo mini a rai.

Ina budurwa littattafan soyayya sun cika mini kai. Wata rana saurayina ya wuce ƙofar gidanmu bai tsaya ba, na zube kan tabarma na ce, "Na halaka."

Baba Tsoho yana gyaran ƙotar fartanya a inuwar rumbu. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Amaryata, tashi ki ba ni ruwa. Halaka ita ce a wayi gari babu rumbu, babu garke, babu mai iya yi wa wani ta'aziyya. Adana kalmar nan, kada ki ƙarar da ita kan mai babur."

Bara 'yan bindiga suka ƙone ƙauyenmu, har rumbun nan. Da na je ba da bayani, jami'in ya rubuta "asarar dukiya." Na ce masa halaka ce. Ya ce babu gurbinta a takardar.

Na adana ta, Baba, ga shi an ƙi karɓa. Allah Ya sanyaya makwancinka, mu kuma Ya mayar da mu gida.