Sandar Baƙo

Ni dai tun ina yaro bakina ya fi kaina sauri. A aji huɗu na bar firamare, na gaji da bulala, malamai ma sun gaji da ni. Rediyo ake kirana a Samaru, har mahaifiyata wani lokaci takan manta sunan da ta ji an raɗa mini. Na yi wauta kala-kala a rayuwa, wasu har kuɗi ake ba ni in maimaita labarinsu a teburin mai shayi. Amma akwai wadda ba na bayarwa a can. Wata Asabar ce da la'asar, farkon shekarun dubu biyu, bayan an gama yankan dawa, a wani fili bakin hanyar Bomo. Shekarata goma sha shida.

Ƙwallon gora muke bugawa a filin. Gonar wani ce, sai an kwashe amfani mu bi mu tumɓuke guntayen kara da hannu, mu share ƙaya, mu kafa duwatsu biyu a kowane gefe. Sanda kuwa reshe muke sarowa mai ɗan lanƙwasa, mu gasa bakinsa a wuta, mu ɗaure da igiya kwana uku har ya riƙe. Ƙwallon na goriba ne, bayan mun gwigwiye shi tas. In ya same ka a ƙauri sai ka ga taurari da rana tsaka. Kafin a bar ni in fita sai na cika randa, na yanko wa awaki ciyawa, na kai niƙa na dawo, shi ya sa kullum da gari a gira nake isa fili.

Mai koya mana shi ne Baba Ishaya, dattijo daga kudancin Kaduna, wanda ya yi shekaru yana gyaran filayen wasa a jami'a. Da ya yi ritaya ya fito da wasu tsofaffin sandunan hoki na gaske, ya ajiye a ƙarƙashin gado. Shi ya hana mu ɗaga sanda sama da kafaɗa. "Ƙwallo ake duka, Rediyo, ba ɗan mutane ba," haka yake ce mini kusan kullum.

Muna da al'ada. Duk wanda ya shigo wasa a shekarar, baƙo ake ce masa. Shi ke ɗauko duwatsu, shi ke ɗebo ruwan sha. In shekara ta zagayo ya zama ɗan gida. A ƙarshen kaka, mu 'yan gida mu zaɓi baƙon da ya fi iya wasa, Baba ya ba shi sanda ɗaya daga cikin nasa. Sandar baƙo muke ce mata. Sannan ya kai shi Kaduna wurin wani abokinsa mai ɗaukar yara a ƙungiyar jiha, inda akwai makarantar kwana da abinci. A shekarar nan sanda ɗaya ta rage a ƙarƙashin gadon, kuma Baba ya faɗa mana gwiwarsa ba za ta ƙara kai shi wata kakar ba.

Baƙi biyu ne suka yi fice. Akwai Sunusi, ɗan wani manomi a Bomo, ƙato, mai bugu kamar yana faskare. Akwai kuma Chinedu, wanda muka mayar Cinnaka saboda ƙanƙantarsa da cizonsa. A Dogarawa aka haife shi, babansa na sayar da kayan gyaran babur a kasuwar Sabon Gari. Hausarsa ta fi tawa tsafta. A kan keken babansa yake zuwa duk nisan nan, ƙafarsa ba ta ko kai feda sosai. In ya kwanta da ƙwallo a bakin sanda sai ka ce liƙa shi aka yi. Ni kaina ya taɓa zura mini ƙwallo ta tsakanin ƙafafu a gaban 'yan mata masu tallan gyaɗa, suka yi mini shewa har na isa gida.

Kowa a filin ya san halin da yake ciki, domin shi da bakinsa ya faɗa mana. Babansa ya ce in ba a tafi da shi Kaduna ba, bayan Kirsimeti za a tura shi Onicha wurin kawunsa, ya yi shekara bakwai yana yaron shago. Garin da sau biyu kawai ya taɓa zuwa, yarensu ma da ƙyar yake haɗa gaisuwa.

Ranar zaɓe muka zauna ƙarƙashin mangwaro, mu goma sha ɗaya, baƙin biyu na tsaye a gabanmu. Duk wanda ka zaɓa, sandarka za ka ajiye a gaban ƙafarsa. Musu ya yi zafi. Masu son Sunusi suka ce shi ya fi cin ƙwallo, ranar wasanmu da yaran Jushi shi ya ci uku. Bitrus, mai tsaron gida a ƙungiyarmu, ya ce, "To wa ya miƙa masa ukun? Aljani?" Wani ya ce a Kaduna ƙarfi ake nema, iska ma za ta ɗauke Cinnaka. Bitrus ya ce ai ba dambe za a je ba. Ina kallo maganar tana karkata wajen Chinedu, har mutum biyu sun fara gyara riƙon sanda. Ni kuma an daɗe ba a yi dariyar maganata ba, abin yana cina. Sai na miƙe na ce, "Jama'a, ku yi tunani. Sunusi baɗi ya zama ɗan gida. Wannan kuwa in kun ba shi bana, baɗi ma sai kun nemo masa wata, don shi baƙuncinsa ba ya ƙarewa."

Aka fashe da dariya, har da masu faɗuwa ƙasa. Daɗi ya kama ni, na ƙara da cewa, "Ɗan Sabon Gari fa!" Baba Ishaya bai yi dariya ba, Bitrus ma haka. Amma dariyar ta riga ta yi aikinta. Bayan ta, duk wanda zai ajiye sanda gaban Chinedu sai ya waiwaya ya ga wa ke kallonsa. Bakwai suka taru gaban Sunusi, da tawa a ciki. Baba mutum ne mai riƙe doka, ya miƙa wa Sunusi sandar. Chinedu ya kwashe duwatsun fili ya kai su inda ake ajiyewa, kamar kullum, sannan ya tura kekensa. Bai hau ba har ya ɓace mana.

Sunusi kwana goma sha biyu ya yi a Kaduna ya gudo, wai tuwonsu ba ya ƙosar da shi. Da idona na ga ƙanwarsa tana korar awaki daga shanyar barkono da sandar. Chinedu kuwa aka sa shi a motar Onicha. Baba Ishaya ya daina zuwa fili, kuma har ya rasu, in na gaishe shi yakan amsa, amma bai ƙara ce mini Rediyo ba. Sai Ɗanjuma, ainihin sunana.

Yanzu filin duk ɗakunan haya ne na ɗalibai, an sare mangwaron an gina shagon cajin waya. Yaran unguwa ba su san ana buga ƙwallon goriba ba, ci kawai suke su yar. Ni ina bakin titi ina facin taya, furfura ta cika mini gemu, har yanzu ana taruwa a ji abin da zan faɗa.

Shekara uku da suka wuce wani mutum ya tsaya a rumfata yana ɗingishi. Sai da ya yi magana na gane shi, Chinedu ne. Babansa ne ya rasu, ya zo kwashe kayan shago. Ƙafar kuma, ya ce, wani inji ne ya faɗo mata a sito tun shekararsa ta biyu a Onicha. Na ba shi benci, na aika a kawo lemo. Muka yi hirar waɗanda suka mutu da waɗanda suka tashi. Ya ce a Onicha har yau ɗan Hausa suke ce masa, ya yi 'yar dariya. Na so in yi barkwanci, sai kawai na tura masa lemonsa. Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Rediyo," ya ce, "yanzu dai ba kowa a nan sai ni da kai. Tsakaninka da Allah, ni da Sunusi wa ya fi?"