Ruɓaɓɓiyar Doyar Baba Micah

Idan ka tambayi mutanen Gayam aikin da Naomi 'yar Baba Micah take yi a Zariya, wasu za su ce maka likita ce, wasu su ce koyarwa take yi a jami'a. Duk ba haka ba ne. Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce, shekararta goma sha ɗaya a wurin. Ita ke dafa wa ƙwayoyin cuta abincinsu, ita ke wanke kwalabe, ita ɗalibai ke nema idan na'ura ta ƙi tashi. Mace ce gajera mai sanyin magana, ko wuta aka ɗauke ana tsakiyar aiki ba za ka ji ta ɗaga murya ba.

A gonar doya ta tashi. Tun tana 'yar shekara bakwai ake tura ta rumbu ta tsince waɗanda suka fara lalacewa, don hancinta ba ya kuskure. Kowace shekara in zafi ya shigo, tana kallo mahaifinta zai yi asarar kusan rabin abin da ya noma. Ta yi sakandare a Birnin Gwari, ta karanci aikin gwaje-gwaje a Kaduna, ta yi aure ta haifi biyu, amma warin nan bai bar kanta ba.

To, bana shugaban ɗakinsu, Dakta Abdulkahar, ya ɗauko bincike a kan ƙwayar bakteriyar da ke ruɓar da doya. Halitta ce mai ban mamaki. Ido ba ya ganinta, amma tana da 'yar allura a jikinta wadda take ƙerawa da furotin. Wata ƙwaya na matsowa kusa sai ta soke ta, ta zuba mata guba, wuri ya zama nata ita kaɗai, sannan ta zauna ta narkar da doya. Dakta yana so ya san ƙwayar wane gari ce ta fi ƙera allurar. Aikin Naomi shi ne awo. Za ta reni ƙwayar a kwalba, ta sa a na'ura mai juyi ta ware ruwan, ta bi da shi mataki-mataki har furotin ɗin ya fito a kan wata farar takarda, layi baƙi. In layin ya yi kauri, allura ta yi yawa ke nan.

Ta duba jerin garuruwan da za a ɗebo doyarsu, ta sake dubawa.

"Dakta, ban ga namu ba."

"Madam Naomi, wa zan tura waccan hanyar? Ke ma kin san halin da dajin nan yake ciki."

"In ni na kawo fa?"

"Maganin da ke fito da layin saura kaɗan. Ƙarshen wata zan rufe aikin. In kin kawo kafin nan, na ba ki gurbi huɗu. In ba ki kawo ba, sai wani binciken, ban kuwa san ranarsa ba."

Nan take ta kira mahaifinta ta yi masa bayani dalla-dalla: ruɓaɓɓiya take so, wadda ta fi wari. Ya ce ya ji. Bayan kwana huɗu Gambo direba, wanda ke jigila tsakanin Birnin Gwari da Zariya, ya sauke mata buhu a tasha. Ta kwance bakinsa. Doya ce zabga-zabga, ko tabo babu.

"Baba, ba wannan na ce ba."

"Yara su ci," ya ce. "Ɗayar kuma zan duba."

Buhu na biyu ya iso bayan mako guda. Wannan karon doyar ta taɓa ruɓewa kam. Sai dai Baba ya sa wuƙa ya ƙwaƙule ruɓar tsaf, ya shafe wurin da toka, ya shanya a rana kwana biyu, kamar yadda kowane manomin kirki ke yi. Naomi ta kankari wuraren, ta shuka a faranti. Abin da ya tsiro fumfuna ce kawai. Saura kwana goma sha shida, rainon ƙwayar da tantance ta kuma yana cin fiye da mako.

Ba ta yi fushi ba. Ta zauna a kan benci a gindin darbejiyar bayan ɗakin gwaji, ta sake kira.

"Baba, faɗa mini gaskiya. Me ya hana?"

Tsohon ya yi gyaran murya. "Naomi, a kowane shinge sai sojoji sun sa Gambo ya buɗe kaya. Mota cike da mutanen garinmu. A kwance buhu, wari ya tashi, a ce na wa ne? A ce na Micah ne, shi ya aika wa 'yarsa. Ni da furfurata?"

"Ai aiki ne, Baba."

"Su sun san aiki ne? Bakin Gambo kuwa kin san shi, ya fi rediyo."

Dariya ta kama ta, har ta share hawaye. Washegari ta kai wa Gambo ƙaramar kula da ƙanƙara a ciki, da 'yan kwalabe goma sha biyu masu murfi, kowace da lamba, da takarda mai hatimin ɗakinsu manne a sama. Ta ce wa Baba kada ya ɗebi tasa shi kaɗai. Ya bi rumbunan maƙwabta, ya yanki ɗan mitsitsi daga bakin ruɓar, inda ta haɗu da mai kyau, ya rufe. Ba suna, lamba kawai, shi ma kada ya riƙe ta wa ce.

Aka ce ranar Baba Micah rigar zuwa coci ya sa. Yana shiga gida sai ya ce jami'a ce ta aiko shi. Mutanen da suka shekara suna ɓoye asararsu suka riƙa jan hannunsa zuwa rumbu, kowa na cewa a fara da nasa.

Kular ta dawo da sanyinta. Cikin kwalabe goma sha biyu, bakwai suka ba da ƙwayar da ake nema. Naomi ta zaɓi huɗu. Saura kwana biyu wata ya ƙare ta tsoma farar takardar awon a maganin ƙarshe, da hantsi, ta tsaya tana kaɗa ta a hankali. Layuka suka fara fitowa. Uku na Gayam daidai da na sauran garuruwa. Na huɗun kuwa, mai lamba tara, ya kusa ninka kowanne kauri.

Dakta ya cire tabarau ya kai takardar kusa da taga. "Sai mun maimaita kafin mu ce komai," ya ce. Ya ɗauki biro ya ƙara Gayam a jerin. "Ki adana wannan ƙwayar da kyau. Da ita za mu fara baɗi."

Ta kira gida da rana.

"An samu magani?" in ji Baba.

"Tukuna, Baba. Amma an sa mu a ciki. Ta lamba tara ta fi kowace faɗa."

"Lamba tara." Ta ji yana lissafi ƙasa-ƙasa. "Ba tawa ba ce. Ta Benjamin maƙwabcina ce, na san rumbun nan nasa, iska ba ta shiga."

"Ba na ce kada ka riƙe ba?"

"Ban riƙe ba. Amma tasa ce."