Bakin Ukasha

Ukasha ya zo Alƙahira karatu daga Gusau, karatun ya ƙi, ya zama bakanike a unguwar Abbasiya. Shekara sha takwas ke nan yana kwance ƙarƙashin motocin mutane.

Alhaji Al'amin, ɗan kasuwa a unguwar Madinat Nasr, yana da a-kori-kura mai shan dizal. Irin injinta da ciwonsa yake fitowa daga kamfani: wata 'yar ƙusa ce ke zamewa a hankali, ranar da ta faɗa cikin haƙoran injin, ya gama yawo. Maganinta ɗan ƙarfe ne da ake ɗaurawa ya tare ta.

Sau uku Ukasha yana faɗa masa. Alhaji ya ce, "Khalas, ya isa haka, Ukasha. Mota lafiyarta ƙalau, kana yi mata mugun fata."

A hanyar Suez ƙusar ta faɗa. Bayan sallar Juma'a Alhaji ya tsaya cikinmu, mu Hausawan Alƙahira, ya ce bakin Ukasha ne ya kashe masa mota. Mu kuma, da duk karatunmu, muka yarda.

Yanzu ba Bahaushen da ke kai masa gyara. Jiya ya ce jaririyar maƙwabcinsa ta yi kyau, uwar ta ja mayafi ta rufe ta.