Kaltume da Ƙofar Baranda

A Goronyo, idan aka ce gida mai ƙofar gilashi, gidan Malam Almustapha ake nufi. Shekarar da albasa ta yi masa albarka ya sayo ƙofar a hannun wani ɗan kwangila a Sakkwato. Tun a lokacin tsohuwa ce, irin wadda ake turawa gefe ta bi layin ƙarfe a kan ƙananan tayoyi. Ya kafa ta a ɗakinsa na waje, tana kallon barandar da abokansa ke zama bayan La'asar. An sha yi masa tsiya, wai ya mai da gida otal.

Matarsa Kaltume 'yar Magarya ce, a gidan noma ta tashi, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ba ta taɓa ganin amfanin ƙofar ba sai bara, da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Malam. Sauran ƙofofin gidan duk ƙanana ne, keken da ake tura shi a kai ba ya wucewa. Ta wannan kaɗai ake gungura shi baranda ya zauna cikin mutane.

To, ƙofar ta daɗe tana cijewa. Duk lokacin da ta yi gardama, Kaltume kan ɗebo man gyaɗarta ta tsiyaya a layin, don a saninta babu abin da mai ba ya sassautawa. Man ya riƙe yashi da ɓawon albasa, kiyashi suka samu gida, har wata ranar Laraba ƙofar ta kafe a rufe.

Abokan Malam ba za su ratsa tsakar gida ba, wurin mata ne. Sai su tsaya a baranda su ɗaga masa hannu ta gilashi, su yi ta ɗaga murya. Hira ba ta yin daɗi haka. Sannu a hankali masu zama a tabarmar barandar suka fara raguwa, Malam kuma ya fara ture kwanon tuwo.

Mai walda ya zo ya duba, ya ce a fasa a sa ta ƙarfe. Hakan na nufin buɗe rudun da aka adana albasa a sayar tun farashi bai tashi ba, abincin gidan na shekara ke nan. Kaltume ta yi masa godiya, ta ba shi ruwa ya sha, ya tafi.

Washegari ta durƙusa ta yi ta kallon gindin ƙofar, ta lura akwai ɗan fili a sama da zai bari a ɗaga ta a fitar da ita daga layin. Ta kira maƙwabciyarta Habi.

Habi ta ce, "Mi za mu yi, Yaya? In gilashin ga ya fashe, ni ban nan!"

"Kama can. Buhun gero kika ɗauka, balle wanga."

Suka ɗaga ta sama, suka jawo gindin, suka kwantar da ita a kan katifa. Tayoyin biyu sun cinye, sun daskare cikin baƙin datti. Habi ta shinshina ta ce, "Wallahi manki na! Ƙofa kika yi wa suya."

Kaltume ta yi dariya har da hawaye. Ta wanke layin da ruwan zafi da toka, ta kankare kwanarsa da tsinken tsire. Inda keken Malam ya danne ƙarfen ya lanƙwashe, ta kara katako ta daddaka da taɓarya a hankali har ya miƙe. Tayoyin kuwa ta ƙulle a gefen zane ta kai wa Mode, mai gyaran injin ban ruwa a hanyar madatsa. Ya tona cikin tarin matattun injuna ya fito da ƙananan boris biyu, ƙarafan nan masu juyawa kamar taya, da suka yi daidai, ya ɗaura mata su. Ladansa ƙuli-ƙuli ya karɓa, ya ce yara na so.

"Inna, kar ki sake sa mai. Kyandir za ki goga."

Haka ta yi, sannan ita da Habi suka mayar da ƙofar kan layinta. Ta kuma shimfiɗa guntun katako a kowane gefen layin, don keken ya hau ya sauka bai taɓa ƙarfen ba.

Da La'asar ta gunguro Malam bakin ƙofa, amma ba ta buɗe ba. Ta ce, "Malam, taɓa mu gani." Ya ɗora hannunsa mai lafiya ya tura, ƙofar ta zarce ba ƙara.

Mutum ɗaya ne ya rage a tabarmar ran nan, tsohon abokinsa Lauwali masunci. Ya miƙe yana tafa hannu.

"Kai, mai otal! An buɗe kasuwa ke nan?"

Malam ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "Tafi ka kirawo su."

Kaltume ta koma ciki ta ƙara ruwa a tukunyar shayi.